Jawabin Magatakarda: Neman Sawun Kakanninmu da Suka Je Yaƙin Hitila

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani kan aikin da ba ya cikin lissafin kuɗin ƙungiya, amma ya fi kowane cin lokacinmu a bana. Mambobi da dama sun zo ofis da tsofaffin takardu da lambobin yabo, suna son sanin inda kakanninsu suka yi yaƙi tsakanin 1939 da 1945.

Tambayar da muke fara yi ita ce: sojan wa ya yi, Ingila ko Faransa? Kada a ce garinsu zai nuna. Kamar yadda muke ƙetare iyaka da kaya, haka su ma suka ƙetare. Akwai mutanen Nijar da suka guje wa kamun sojan Faransa suka gangara kudu, daga baya suka sa kakin Ingila. Akwai kuma Zabarmawa da Hausawan da suka je ci-rani Gwanja da Kumasi, suka shiga rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Wani ya yi ta nema a Yamai, ashe sunan kakansa yana wancan ɓangaren.

Suna kaɗai kuma ba ya kai mutum ko'ina. Magatakardan Turawa sukan rubuta sunan mutum su liƙa masa gari: Garba Katsina, Musa Kano. Garba Katsina nawa ne a bataliya ɗaya? Wani ma garin da aka ɗauke shi aka rubuta, ba garin haihuwa ba. Lambar soja ita ce mabuɗi. Tana cikin littafin sallama, tana cikin littafin sojan Faransa da katin fansho. Ta sojan Najeriya takan fara da NA, ta Gwalkwas da GC. Wanda ya riƙe wannan lamba ya yi rabin tafiya.

A ɓangaren Ingila, namu sun yi yaƙin Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama, suka ƙwace Miyohan a Janairun 1945. Masu zuwa Ankara sun san barikin Burma Camp. Daga can sunan ya fito. In kakanku bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tana da shafi a intanet, kyauta, mai nuna suna, lamba, bataliya da ranar rasuwa. Waɗanda suka faɗi a Bama ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin ginshiƙai a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Gidan ajiyar tarihi na Kew a Landan yana da littattafan da kowace bataliya ke rubuta motsinta kullum. Da wuya su ambaci ƙaramin soja, amma za su nuna inda ya kwana da ranar da aka gwabza.

A ɓangaren Faransa, takardun sojojin ƙasashen da ta mallaka suna ma'ajiyar soja a garin Pau, na waɗanda suka mutu ko aka kama fursuna kuma suna Caen. Ana rubuta wasiƙa da Faransanci, a haɗa lamba, shekarar ɗauka da shaidar dangantaka. Amsa na daɗewa, sai an yi haƙuri irin na mai jiran kaya a kwastan.

Maganar kuɗi kuwa, a yi hattara. Faransa ta daskarar da fanshon waɗannan sojoji da dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon yawancinsu. Wannan haƙƙin tsohon soja ne da matarsa, ba gadon jikoki ba. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu ya fito muku da kuɗin kakanku, ɗan damfara ne.

Roƙonmu: mai tsohuwa a gida ya zauna da ita kafin damina, ya tambaye ta abin da mijinta ya ce game da jirgin ruwa da dajin da suka shiga. A fito da takardu daga ƙasan adaka kafin gara ta gama da su. A kawo ofis ranar Laraba, mu ɗauki hotonsu, mu mayar wa mai su a take.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.