Bakwaini da Wayar Hannu

Yau batunmu bakwaini ne, jaririn da ya zo kafin cikinsa ya cika mako 37.

A garin Kajiji, uwar bakwaini tana nesa da kwalbar ɗumama jarirai. Sai an bi hanyar Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan sallama daga asibiti kuma, wa za ta tambaya da tsakar dare?

Nan waya ke da rana. Iyaye kan haɗu a zauren WhatsApp, suna aika saƙon murya, ko wadda ba ta yi boko ba tana ji. Suna koya wa juna ɗora jariri a ƙirji, fata da fata, dabarar da likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara a 1978. Ɗumin uwa, nonon uwa, musamman da hunturu.

Amma a kula. Zaure ba asibiti ba ne. Wata za ta ce a ba jariri zuma ko ruwa. Kada a ba shi. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, a ajiye waya, a nufi asibiti.

A huta lafiya.