Sawun Ɓarawo ko na Maigadi?

 

Da aka ce za a taɓo murar aladu, na ji wani yana cewa me ya haɗa unguwarmu ta Hanwa da alade. Da gaskiyarsa, wannan sai kasuwar Katsit ta wajen Kafanchan. Amma abin da ke ɗaure wa likitan dabbobi kai a alade, shi ne dai a kaza, kuma kaji kam kowane lungu akwai keji. Ku tuna, a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da muguwar murar tsuntsayen nan a Afirka, a wata gona da ke Jaji, nan kan hanyar Kaduna.

In muka ɗaga fiffiken kaza muka zuƙi jini, ba ƙwayar cutar muke gani ba, sawunta muke gani, wato garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta. To ita ma allurar rigakafi ƙwayar cutar ce da aka kashe, jiki kuwa garkuwa iri ɗaya zai haɗa. Ka tashi da asuba ka ga sawun takalmi a ƙofar gida, na ɓarawo ne ko na maigadi? Wannan ruɗanin yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya a wancan lokaci ta ƙi yarda da allurar, ta zaɓi kashe kajin da suka kamu a biya diyya.

Dabara akwai. A Italiya, a shekarar 2000, sun yi allurar da ƙwayar da ta ɗan bambanta da mai yawo, yadda gwaji zai rarrabe. Wasu kan bar 'yan kaji ba allura, a ɗaura masu alama a ƙafa. In cuta ta shigo, su za su fara tona ta. Ko a goga auduga a maƙogwaro a aika ɗakin gwaji na Vom, a nemo ƙwayar kanta.

Roƙona, duk wanda ya zo maku da kwalba a jaka ya ce ta murar tsuntsaye ce, kada ku karɓa. Kazar da aka yi wa allurar na iya samun sauƙi a ido alhali tana watsa cutar. Rigakafin Lasota da Gumboro kuwa ku ci gaba da bayarwa, amma a rubuta rana da suna a littafi, ko da na ɗan makaranta ne. Ko a bangon keji da gawayi.

In kun wayi gari kaji sun zube, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A garzaya asibitin dabbobi na ABU a Samaru, a faɗa wa likita duk abin da aka ba su, har wanda aka saya a ɓoye.