Marasa Lafiya a Hoton Gilda Ɗari na Rembrandt



Maganarmu a yau a kan hoto guda ce, wanda Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan, ya gama wajen shekarar 1649 a birnin Amstadam. Ana kiransa Hoton Gilda Ɗari, saboda tsadar da aka ce ya yi tun maigidansa yana raye. Ya ɗauko labarin daga Linjila ta Matiyu, babi na 19, inda jama'a suka bi Annabi Isa, ya warkar da su.

Ba da fenti aka yi shi ba. Farantin jan ƙarfe ake shafa wa kaki, a zana da allura, a tsoma cikin ruwan asid ya ci inda aka karce, sa'an nan a sa tawada a danna takarda. Rembrandt kuma ya ƙara kartar ƙarfen kai tsaye, domin ya sami baƙi mai kauri.

To, a ina ya kashe wahalarsa? Farisiyawa, malaman muhawara, suna hagu cikin haske, amma da 'yan layuka kaɗan ya sallame su. Ƙarfin aikinsa ya tafi dama, inda marasa lafiya ke fitowa daga duhun wata ƙofa: an turo wani a baro, ana jan wani tsoho makaho, wata mata na kwance bisa tabarma, hannu ya saki. Abin da ya fi kama mu shi ne, babu wanda ya warke tukuna. Ba gurgu mai tsalle, ba kuturu mai murna. Jira kawai suke yi, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a barandar asibiti ya san wannan fuska. A ganinmu da gangan ya bar mu'ujizar ya zana masu jiranta, domin su ne mai kallo zai iya ganewa.

Shi kansa farantin ya tsufa, don kowane bugu yana cinye kartar. Wajen 1775 wani soja mutumin Ailan, Kyaftin William Baillie, ya same shi a goge, ya sake zana layukan da hannunsa mai nauyi, ya buga guda ɗari. Bayan haka ya yanka farantin gida huɗu, ya riƙa buga gutsattsarin yana sayarwa dabam-dabam.