Kada Mu Jira Ranar Kasuwa



Bara ɗiyar wata 'yar ƙungiyarmu ta yi gudawa. Bayan mako biyu ƙafafunta suka mutu, abin yana hawa sama. Mu duka muka ce iska ce.

Da kuɗin asusunmu aka kai ta Birnin Kudu, aka tura ta Asibitin Malam Aminu Kano. Can suka manna mata wayoyi a fata, suna ɗan sakin lantarki, suna auna saurin saƙo a jijiya. Ashe garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar jijiyoyinta. Likitoci suna kiransa Gilan-Bare. In ya kai ƙirji, har numfashi yakan tsayar.

Yau ga ta tana takawa, alhamdu lillahi. Don Allah, in mun ga irin haka, kada mu jira ranar kasuwa. Zubi kuma mu riƙe shi da kyau.