Kujera da Tsufa: Lacca a kan Motsa Jiki a Zaune Domin Kare Dattawa daga Faɗuwa

 

An nemi in yi jawabi a kan wani nau'in motsa jiki da ake kira yoga ta kan kujera, wadda ake koya wa dattawan da ƙafa ta fara yi wa gardama. Kuma ko da yake sunan baƙo ne a kunnenmu, larurar da aka yi abin dominta tsohuwar 'yar gida ce, domin da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba a taɓa jin salati da ƙarar buta daga makewayi da asuba ba, a ruga a tarar da tsoho ko tsohuwa a ƙasa.

Haka ta faru ga wata goggona, mace mai kuzari wadda har ta haura shekara 70 ita ke sharar tsakar gidanta. Santsi ya kwashe ta a bakin makwararar ruwa, Allah Ya kiyaye ba ta karye ba, sai ƙujewa a gwiwa da targaɗe a wuyan hannu, waɗanda suka warke cikin 'yan makwanni. Amma tsoron bai warke ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta daina fita tsakar gida, ta koma alwala a ƙofar ɗaki, mu kuma, saboda tausayi, muka riƙa kai mata komai har bakin gado muna cewa, "Goggo, ki zauna, kada ki wahalar da kanki." Kafin shekara ta zagayo, matar da ke sunkuyawa da tsintsiya ba ta iya tashi daga gado sai an kama ta. Har yau ina ganin muna da kaso a cikin alhakin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 684,000 ke rasuwa kowace shekara ta sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Sannan a rahotonta na 2007 ta bayyana cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Dalilin kuwa shi ne, tsayuwar ɗan Adam a kan ƙafa biyu, wadda muke ɗauka abu mai sauƙi, ta dogara ne a kan ido da ke auna wuri, da wata ma'auna da Allah Ya ajiye a can cikin kunne, da jin da tafin ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa, sa'an nan da ƙarfin cinya da idon sawu da za su gyara tangaɗi kafin ya zama faɗuwa. To, idan yanar ido ta rufe gani, ciwon sukari ya kashe jin tafin ƙafa, maganin hawan jini ko na barci ya kawo jiri a lokacin miƙewa, kuma yawan zama ya cinye naman cinya, sai ɗan tudun dokin ƙofa ya isa ya kayar da mutum.

Asalin yoga daga ƙasar Indiya ne, kuma a can wani malaminta mai suna Iyengar, wanda ya zauna a birnin Pune ya rasu a 2014 yana da shekara 95, ya shahara da sanya kujeru da igiyoyi da matasan kai su tallafa wa jikin da ba ya iya lanƙwasuwa. Tsarin da ake yi ɗungurungum a kan kujera kuwa ana danganta shi ga wata mata a Amurka, Lakshmi Voelker, wadda ta fara shi a 1982 saboda wata ɗalibarta da amosanin gaɓɓai ya hana ta sauka ƙasa.

A nan na san akwai tambaya a zukatanku, kuma tambaya ce ta haƙƙi, domin yoga a asalinta tana haɗe da aƙidu da addu'o'in addinin Hindu. Malaman Musulunci sun duba mas'alar: majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana ta ga Musulmi a 2008 saboda abin da ke cikinta na ibadar wani addini, majalisar malaman Indunisiya kuma a 2009 ta rarrabe, ta hana wadda ke da waƙe-waƙen bauta, ta bar wadda take motsa jiki zalla. Abin da nake magana a kansa yau shi ne na biyun, wato miƙa gaɓɓai da daidaita numfashi, babu ambaton kowa, babu rusuna wa komai. Wanda kuma sunan ya dame shi, ya kira shi motsa jiki a zaune, amfanin ba zai ragu ba. Zama saboda uzuri kuwa abu ne da shari'armu ta sani tun farko, tun da Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini, da basur ya matsa masa, an yi masa rangwamen yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Fuƙaha'u sun ƙara da cewa rangwame yana tafiya ne gwargwadon larura, wanda ya sami ikon tsayuwa sai ya koma ga tsayuwa. Ku riƙe wannan ƙa'idar, domin za mu sake bukatarta.

Ga yadda aikin yake. Dattijo zai zauna a bakin kujera ba tare da jingina ba, tafukan ƙafarsa biyu a shimfiɗe a ƙasa, ya miƙe gadon baya kamar mai sauraren karatu a gaban malami, ya shaƙi numfashi ta hanci a hankali yana ɗaga hannuwa, ya sauke su yana fitarwa. Sa'an nan ya juya idon sawu dama da hagu, ya ɗaga dugadugai ya sauke, ya ɗaga yatsun ƙafa ya sauke, domin ƙafar da ba ta ɗaga yatsu ita ce ke tuntuɓe da gefen tabarma. Sai ya miƙe gwiwa ɗaya, ya ƙirga biyar, ya mayar, ya yi wa ɗayar; ya waiwaya da kafaɗunsa sannu kamar mai amsa kira daga baya. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, sau biyu ko uku a mako, kuma in an yi a cikin jama'a ya fi, domin tsohon da ya san abokansa na jiransa ba ya fashi.

Sai dai amana ce a kaina in faɗi iyakar abin. A 2019 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Catherine Sherrington ta Jami'ar Sydney sun tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi a kan mutum sama da 23,000, suka ga motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100, kuma hujja mafi ƙarfi tana tare da atisayen da ke horar da tsayuwa da ayyukan yau da kullum, irin su tashi daga zaune. Haka nan wani shirin motsa jiki na Jami'ar Otago ta New Zealand, wanda ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajensa, ginshiƙinsa shi ne ƙarfafa ƙafa da tsayuwa da tafiya. Ma'ana, wanda ya tsaya a kan motsin zaune kaɗai zai sami sakin gaɓɓai da natsuwa da raguwar tsoro, waɗanda duk alheri ne, amma ba a zaune ake faɗuwa ba, saboda haka ba a zaune horon zai ƙare ba. Ƙa'idar fuƙaha'u ce ta dawo: idan ƙarfi ya samu, sai a tashi daga kujerar a koma a zauna, da dafa hannu da farko, daga baya babu dafawa, sa'an nan a zagaya bayanta, a riƙe majinginarta, a yi ɗage, a ɗaga ƙafa ɗaya na 'yan daƙiƙu, wani na tsaye kusa.

Kujerar ma sai an zaɓa. Ta roba mara nauyi, irin wadda ake jerawa a gefen sahu a masallatanmu, ƙafafunta na iya buɗewa ko su zame a kan siminti; 'yar tsugunno ta iyayenmu mata ta yi ƙasa ƙwarai, tashi daga kanta jarrabawa ce ko ga mai lafiya. A nemi ta katako mai ƙwari, a jingina ta da bango, tsawonta ya bar ƙafa ta taka ƙasa sosai. Wanda ke da ciwon zuciya, ko aka yi masa aikin ƙugu ko na ido kwanan nan, ko ƙashinsa ya yi rauni, ya fara ganin likita. Kuma duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ya dakata nan take.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke yi, wanda kowa zai iya yi wa iyayensa yau da yamma: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗari. Wanda ya ga mahaifiyarsa ta kai haka, ya kai ta asibiti a duba idonta da magungunan da take sha, ya sa fitila a hanyar makewayi, ya kankare gansakukar da ke bakin makwarara, sa'an nan ya kawo kujeru biyu, ɗaya tata ɗaya tasa, su fara tare.