Wa ke da ikon naɗa kocin Zakuna?

A Afrilun 2024 ministan wasanni Narcisse Mouelle Kombi ya naɗa Marc Brys, ɗan Beljiyam, kocin Zakunan Kamaru. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, Fecafoot, Samuel Eto'o, wanda ya tashi a unguwar New Bell, ya ce ba da yawunsa ba. A lokacin, taƙaddamar ta ƙi ƙarewa, mu kuwa muna teburin mai shayi a unguwar Bépanda muna gardamar 'yan baya uku ko huɗu. Wa zai tsara su tukuna?

Ku tuna 2017. Wasu manyan 'yan wasa suka ƙi amsa kiran kocin Zakuna na wancan lokaci, Hugo Broos, ya tafi Gabon da waɗanda suka zo, ya doke Masar 2-1, ya ɗauko kofin Afirka.

Ranka ya daɗe minista, da kai shugaba Eto'o: ku daidaita kan koci ɗaya, ku sakar masa mara.