Jawabi a Kan Bashin da Ƙasashe Ke Ci

 Mas'alar da zan yi magana a kanta ita ce bashin da ƙasa ke ci daga ƙetare. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na yarda da wannan. Amma ku sani bashin ƙasa ya saɓa da na mutum ɗaya, domin mai sa hannu daban, mai biya daban.

Ku dubi abin da ya sami Masar. Sarkinta Isma'ilu ya ci bashin Turawa har ya fi ƙarfinsa. A shekarar 1875 ya sayar wa Ingila rabon Masar na mashigin ruwan Suwez a kan wajen fam miliyan 4, kuma wannan bai fisshe shi ba. A 1882 sojan Ingila suka shiga ƙasar. Mai binka bashi yakan fara da tambayar kuɗinsa, sa'an nan ya shiga tambayar yadda kake tafiyar da gidanka.

A zamanin nan galibin bashin waje da dalar Amurka ake cinsa, da ita kuma ake biya. To, ga inda sarƙa take. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta wuce naira 1,500. Watau bashin ya ninka har uku idan an ƙidaya shi da naira, alhali ba a ƙara cin ko anini ba. Haka kuma lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa a 2022, rance ya yi tsada ko'ina a duniya. A watan Disamba na shekarar nan Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, har 'yan ƙasar da suka ranta wa gwamnatinsu aka jinkirta musu biya.

Ba na cewa dukan bashi sharri ne. Manomin da ya ranci iri ya shuka, kaka za ta biya masa. Wanda ya ranci iri ya dafa ya ci, sai ya jinginar da gonar. Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A 2005 masu binta na Ƙungiyar Paris suka yafe mata dala biliyan 18, ita kuma ta biya wajen biliyan 12, kuɗin da ya isa gina makarantu da asibitoci masu yawa.

Saboda haka ina roƙonku, duk ran da kuka ji an ce za a ciwo bashi, ku tambayi wakilanku abu uku. Da wane kuɗi za a biya? Wane aiki za a yi da shi? Aikin nan zai kawo abin biya, ko kuwa harajin 'ya'yanmu aka jingina? Tambayar nan haƙƙinku ce, gama ku ne masu biya.